Daga Awon Farko Zuwa Ranar Gwanjo: Jagorar Shirya Yaran Kulob ɗin 4-H don Baje Kolin Gunduma a Amurka

Duk wanda ya ratsa karkarar tsakiyar Amurka tsakanin Yuli da Agusta, a jihohi irin su Ohayo da Indiyana da Ayowa, zai yi ta cin karo da allunan sanarwar baje kolin gunduma a bakin hanya. Mako guda ne a shekara da manoman gunduma ke haɗuwa a fili ɗaya da shanunsu da tumakinsu da kayan lambunsu, alƙalai su duba, a raba lambobin yabo, a rufe da gwanjo. Al'adar ta daɗe, domin ana danganta asalinta da Elkanah Watson, wanda ya shirya nunin dabbobi a garin Pittsfield na jihar Masachusets a 1811. Sai dai a yau galibin masu riƙe da dabbobin a filin nuni yara ne, 'yan kulob ɗin 4-H da takwarorinsu na ƙungiyar FFA ta ɗaliban noma a makarantun sakandare.

Tushen 4-H yana komawa ga ƙananan ƙungiyoyin 'ya'yan manoma, irin wadda A. B. Graham ya kafa a gundumar Clark ta Ohayo a 1902. Dokar Smith-Lever ta 1914 ce ta kafa tsarin malaman gona a ƙarƙashin jami'o'in noma na jihohi, kuma tun daga nan ƙungiyar take hannunsu, wato jami'ar Purdue a Indiyana, jami'ar jihar Ayowa da ke Ames, da sauransu. Haruffan H guda huɗu farkon kalmomin Turanci ne na kai da zuciya da hannuwa da lafiya. Abin da ya fi shafar mai son shiga shi ne cewa ƙofar komai ita ce ofishin malaman gona na gunduma, kuma ba a tambayar yaro ko ubansa yana da gona.

Na rubuta wannan jagora ne don iyayen da suka sami kansu a irin waɗannan garuruwa, da kuma wanda aka ɗora wa jagorancin kulob bai shirya ba. Idan akwai abu guda da na fahimta a shekarun da na yi ina kai yarana, shi ne cewa wannan aiki daga ƙarshe ake lissafinsa: a fara sanya yatsa a kan ranar baje koli, sannan a ƙirgo kwanaki zuwa baya.

Mataki na farko: littafin dokoki da kalanda

Kowace gunduma tana fitar da littafin dokokin baje kolinta, kuma dokar gunduma ɗaya ba ta aiki a maƙwabciyarta. A karɓo littafin bana, kada a dogara da na bara ko da abin da wani ya ce ya tuna. A zauna da shi tare da kalanda a fitar da ranaku biyar: ranar rufe rajistar kulob, ranar awo da sanya wa dabba lambar kunne, ranar rufe shigar da bayanan dabba a intanet, ranar rufe rajistar abin da za a nuna, da ranar kai kaya filin baje koli. A jihohi irin su Ayowa da Indiyana, 15 ga Mayu ce ranar da aka saba rufe shigar da bayanan yawancin dabbobi, kuma wanda ya makara da kwana ɗaya ya makara da shekara. Shekarun shiga ma sun bambanta, amma galibi daga wajen shekara 8 ko 9 ne zuwa 18, tare da wani rukuni na ƙanana waɗanda ba a sa su gasa.

Mataki na biyu: zaɓen aikin da yaro zai iya ɗauka

A nan ne iyaye suka fi yin kuskure, domin sukan zaɓa wa yaro abin da su yake burge su. San yanka shi ne sarkin fili, amma tun lokacin sanyi ake fara kiwonsa, ana auna shi a watan Disamba ko Janairu a wurare da yawa, kuma kafin baje koli yakan haura kilo 500, nauyin da yaro ɗan shekara tara ba zai iya tanƙwarawa ba idan dabbar ta yi gardama. Ga mai farawa, ɗan rago ko taure ya fi dacewa, saboda kiwonsu bai wuce wata uku zuwa huɗu ba, kuɗinsu da sauƙi, wurin da suke buƙata kaɗan ne. Zomo da kaji sun fi su sauƙi ma. Alade yana da babban matsayi a wannan harka, amma babu wanda ake tilasta wa, kuma iyalin Musulmi suna iya yin shekara goma a kulob ba tare da sun shiga rumfarsa ba. Wanda ke zaune a cikin gari ba shi da wurin turke yana da zaɓi biyu: ko ya nemi manomin da zai ajiye masa dabba, idan dokar gunduma ta yarda, ko ya ɗauki aikin da ba na dabba ba, kamar ɗinki, girki, aikin katako, ɗaukar hoto, lambu ko haɗa na'urori.

Shawarata ga shekarar farko ita ce aiki biyu kacal, ɗaya na dabba ɗaya na cikin gida. Taura biyu ba ta taunuwa, balle biyar, kuma yaron da ya yi rajistar abu bakwai a watan Afrilu yakan kwana yana manna takardu a daren ƙarshe, uwarsa tana yi masa rabin aikin.

Mataki na uku: takardu

Tumaki da awaki suna buƙatar lambar kunne ta hukuma, wadda ake bin diddigin wata cutar ƙwaƙwalwar tumaki da ita, saboda haka kada a karɓi dabba daga mai kiwo sai da lambarta a kunne. Yaron da zai nuna dabbar da ake ci kuma dole ne ya yi horon kula da lafiyar dabba da ingancin nama, wanda a jihohi da yawa ake yi ta shirin YQCA, a aji ko ta intanet, kuma ana sabunta shi duk shekara. Wasu wuraren suna neman takardar likitan dabbobi, kaji kuma akan yi musu gwajin jini. A tanadi jaka ɗaya ta takardu tun ranar farko, a kuma ɗauki hoton kowace takarda a waya.

Mataki na huɗu: lissafin nauyi

Wannan shi ne zuciyar aikin kiwon yanka, kuma shi ne darasin da ya kamata yaro ya iya da kansa. Kowane baje koli yana da mafi ƙarancin nauyin da zai karɓa, wasu har da mafi yawa, kuma dabbar da ta gaza ba ta shiga gwanjo. Can da laba ake awo, amma bari mu yi misalin da kilo. A ce an auna ɗan rago a farkon Mayu ya ba da kilo 32, ana son ya kai kilo 56 ranar nuni, kwanakin da suka rage kuma 80 ne. Ke nan ana neman ƙarin kilo 24, wato giram 300 a kowace rana. Idan aka ƙiyasta cewa kowane kilo na ƙarin nauyi yana cin abinci wajen kilo biyar, to ana buƙatar kusan kilo 120 na abinci, wato kilo ɗaya da rabi a rana idan aka daidaita, ƙasa da haka a farko, sama da haka a ƙarshe. Da wannan lissafi yaro zai san buhu nawa zai saya, ya kuma san kuɗin da zai kashe tun kafin ya kashe su.

Amma lissafin takarda ba ya wadatarwa sai da sikeli. A auna dabba duk mako, rana ɗaya, lokaci ɗaya, kafin ta ci abincin safe, a rubuta. Idan mako biyu suka wuce nauyi bai motsa ba, akwai dalili, kuma dalilan da aka fi samu uku ne: zafi, tsutsar ciki, ko ruwan sha marar tsabta. Akwai wata tsutsa mai shan jini da ke addabar tumaki da awaki lokacin zafi da danshi, ana gane ɓarnarta ta hanyar jawo fatar idon dabba ta ƙasa a duba launinta. Ja alamar lafiya ce, fari kuma alamar jini ya ƙare. Wannan dabara, mai suna FAMACHA, daga Afirka ta Kudu ta fito, kuma malaman gona suna koyar da ita da wani ɗan kati mai launuka.

Abubuwa uku ne nake jaddada wa kowane sabon mai kiwo. Kada a ba tunkiya abincin da aka haɗa don akuya ko shanu, domin sinadarin jan ƙarfe da ke cikinsa yana taruwa a hantarta har ya kashe ta. Kada a sauya abinci farat ɗaya, a riƙa gauraya sabo da tsoho na tsawon mako guda. Sannan a sa ido kan fitsarin dandaƙaƙƙen rago ko taure, saboda yawan hatsi yana haifar musu da tsakuwar mafitsara. Dabbar da ke yunƙuri fitsari bai fita ba, likita take buƙata a ranar, ba gobe ba. Duk maganin da aka ba dabba kuma a rubuta sunansa da ranarsa, domin kowane magani yana da adadin kwanakin da dole su wuce kafin a yanka ta, kuma manyan wuraren baje koli suna gwada fitsarin dabbobin da suka yi nasara.

Mataki na biyar: tsara tarukan bita na hutun bazara

Makarantu kan rufe a ƙarshen Mayu ko farkon Yuni, don haka jagoran kulob yana da mako shida zuwa takwas. Ba a buƙatar taro kullum. Bita huɗu ko biyar da aka tsara da kyau sun fi goma da aka yi da ka, kuma jerinsu ya kamata ya bi abin da dabba da yaro ke buƙata a wannan makon.

Bitar farko, a makon farko na hutu, ta lafiya da ciyarwa ce, kuma a gonar wani daga cikin iyaye za a yi ta, ba a ɗakin taro ba. A gayyaci likitan dabbobi ko malamin gona, a sa kowane yaro ya auna zafin jikin dabba, ya duba ido, ya karanta takardar da ke jikin buhun abinci. Ta biyu ta horar da dabba ce, wato sabar mata da ragama da tafiya da tsayuwa. Ta uku ta littafin aiki ce, wato littafin da yaro ke rubuta abin da ya yi da abin da ya kashe a kan aikinsa, inda kowane yaro zai zo da rasidansa a zauna a cike shafukan kuɗi tare. Wannan bita ita ce yara suka fi ƙi, ita ce kuma ta fi amfani, saboda a nan ne yaro ke gano cewa ragon da yake wa kallon riba ya riga ya ci kuɗi fiye da yadda ya zata. Ta huɗu ta wanka da aski da yanke kofato ce, mako biyu ko uku kafin baje koli, domin idan aka yi kuskure gashi ya sami lokacin fitowa. Ta ƙarshe kuma gwajin nuni ne sak irin na gaske, da fili da alƙali da tambayoyi.

A yi tarukan da sassafe ko da yamma, kada su wuce awa biyu. A bar manyan yara su koyar da ƙanana, domin ɗan shekara goma ya fi sauraron ɗan shekara goma sha shida a kan baban wani. Kowane babba da zai yi aikin sa kai sai ofishin gunduma ya tantance shi, kuma ƙa'ida ce kada babba ɗaya ya keɓe da yaro. Idan za a haɗa dabbobin gidaje daban-daban, kowa ya zo da bokitinsa, a wanke takalma da hannuwa kafin a watse. Ba tsanani ba ne: a 2015 murar tsuntsaye ta sa jihohin Ayowa da Minesota da Ohayo da Indiyana suka hana nunin kaji masu rai gaba ɗaya, yara suka koma nuna hotuna da alluna.

Game da horar da dabba, babu gajeriyar hanya. Minti goma sha biyar zuwa ashirin a kullum, tun daga Yuni, shi ne ke bambanta yaron da ke tafiya da ragonsa cikin natsuwa da wanda ragon ke ja a ƙasa a gaban jama'a. Rago da hannu ake nuna shi, hannu ɗaya a ƙarƙashin haɓa, ba igiya. Taure da sarƙar wuya ko ragama. Sa kuma da ragama da wata doguwar sanda ta gyara masa tsayuwar ƙafa.

Mataki na shida: ayyukan cikin gida

Ɗinki da katako da hoto ba su da wata sarƙaƙiya in ban da bin ma'aunin da littafi ya faɗa. Inda ake faɗuwa shi ne adana abinci a kwalba, domin alƙalai ba sa sassauci a kansa, kuma suna da hujja. Abinci mai tsami, kamar yawancin 'ya'yan itatuwa, ana iya dafa kwalabensa a tafasasshen ruwa. Amma wake da masara da nama da sauran marasa tsami dole ne sai a tukunyar matsin tururi, wadda ke kai zafi zuwa maki 116 a ma'aunin Salshiyos, saboda ƙasa da haka ba ya kashe ƙwayar da ke haifar da guba mai shanye jiki. Tumatir ma sai an ƙara masa ruwan lemun tsami. Dole ne a bi tsarin girkin da aka gwada, irin na ma'aikatar noma ta Amurka ko na cibiyar adana abinci da ke jami'ar Jojiya, a kuma rubuta a jikin kwalba ranar da aka yi, da hanyar da aka bi, da mintunan da aka dafa. Ofisoshin malaman gona da yawa suna gwada agogon da ke auna matsin tukunyar, a kai musu tun watan Yuni.

A irin waɗannan ayyuka, yaro yakan zauna da alƙali fuska da fuska ya yi bayanin abin da ya so yi, da abin da ya koya, da abin da zai gyara. Gundumomi da dama ba sa gwada yaro da yaro, da ma'auni suke gwada aiki: shuɗin ƙyalle ga wanda ya cika sharuɗɗa, ja ga mai ɗan gyara, fari ga wanda ke da sauran aiki. Alƙalan da suka daɗe suna gane ɗinkin uwa daga na 'ya tun kafin su juya rigar, kuma tambaya biyu ta isa ta tona asiri.

Mataki na bakwai: mako biyun ƙarshe da makon baje koli

A haɗa akwatin kaya tun da wuri: bokitai, abincin da dabba ta saba, dusar katako ta shimfiɗa, sabulu, buroshi, tawul, ragamar ajiya, fanka da igiyar wuta, kayan da yaro zai sa, da jakar takardu. Sai kuma ruwa, wanda a kansa na sha wahala. A shekararmu ta farko, tauren 'yata ya ƙi shan ruwan filin baje koli saboda warin maganin da ake zuba wa ruwan famfo, shi kuwa da ruwan rijiya ya saba. Kafin safiyar awo cikinsa ya lotsa, idanunsa sun yi zuru-zuru. Ta same ni a bakin rumfa da bokiti a hannu, ta ce, "Baba, tun jiya ko kurɓa ɗaya bai yi ba." Sai da na yi tafiyar kusan awa guda na ɗebo jarkoki daga gonar da muke ajiye shi, kuma da ƙyar ya tsallake mafi ƙarancin nauyi. Tun daga ranar, ko dai mu tafi da ruwan gida, ko mu fara ɗiga ɗan abin ƙamshi a ruwansa mako guda kafin tafiya, mu ci gaba da ɗigawa a can, don kada ya ji bambanci.

A filin nuni ana yin hukunci iri biyu, kuma ya kamata yaro ya san bambancinsu. A na farko dabba ake dubawa, tsoka da ƙira da kitse, kuma a nan mai kuɗin sayen dabba mai tsada yana da rinjaye, babu amfanin ɓoye wa yaro wannan. A na biyu yaron ake dubawa: yadda yake riƙe dabba, yadda yake barin ta tsakaninsa da alƙali a kowane juyi, yadda idonsa ba ya barin alƙali, da yadda yake amsa tambaya kan nauyinta da abincinta da sunayen gaɓoɓinta. A ganina wannan ne ya cancanci a zuba wa ƙarfi, domin kuɗi ba ya sayen sa. Iyaye kuma su tsaya bayan shinge su yi shiru, yawancin littattafan dokoki ma sun taƙaita wanda aka yarda ya taɓa dabba bayan an shigo da ita.

Sauran kwanakin na shara ne da ban ruwa da gadin rumfa bisa jadawalin da kulob ya raba. A hana yara cin abinci a cikin rumfar dabbobi, a sa su wanke hannu duk fitowa.

Mataki na takwas: gwanjo da abin da ke bayansa

Masu saye a gwanjon yara galibi bankunan gari ne da dillalan kayan noma da masu shaguna da dangi, kuma sukan biya sama da farashin kasuwa don ƙarfafa wa yara gwiwa. Ba sa zuwa haka kawai. Wata guda kafin baje koli, yaro ya rubuta wasiƙar gayyata da hotonsa da dabbarsa, ya kai da ƙafarsa, ya gaisa, ya faɗi rana da lokaci. A kuma bincika tun farko wane irin gwanjo gundumar ke yi, domin a wasu wuraren dabbar da aka sayar daga fili sai mayanka, a wasu kuma tukuici kawai ake bayarwa yaro ya koma gida da abarsa. Yaro ya san wannan tun ranar da aka sayo dabbar, ba ranar da motar ɗaukarsu ta tsaya a bakin rumfa ba. Ɗan'uwa Musulmi da ke son sayen irin wannan rago don ci ya shirya da mahaucin da zai yanka masa tun da wuri, idan doka ta ba da dama. Mai tunanin layya kuma ya lura cewa ragunan nuni ana yanke musu wutsiya tun suna ƙanana, don haka ya tambayi malami kafin ya ɗaga hannu.

Ayyukan da suka yi fice akan zaɓe su zuwa baje kolin jiha, kamar na Ayowa da ake yi kwana 11 a Des Moines cikin Agusta, kuma wa'adin rajistar dabbobi a can yakan wuce tun kafin na gunduma ya buɗe, saboda haka mai wannan buri ya duba ranarsa tun watan Mayu. Dabbar da ta dawo gida a ware ta daga sauran garke na mako uku zuwa huɗu, a ciyar da ita a ƙarshe, da bokitinta daban. A cikin makon ne kuma yaro zai rubuta wa wanda ya sayi dabbarsa wasiƙar godiya da hannunsa, domin gundumomi da yawa ba sa sakin cakin kuɗi sai sun ga shaidar an aika ta. Daga nan sai ya buɗe littafin aiki ya cike shafin ƙarshe, ya cire kuɗin dabba da abinci da magani da shimfiɗa daga abin da gwanjo ya kawo, ya ware kuɗin sayen ta baɗi, ya miƙa littafin ga jagoran kulob kafin a koma makaranta.